Ciwon Tsakuwar Ƙoda da Maganinsa na Gargajiya: Darasi daga Toranke

 

Da farko muna miƙa godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa a gabanku. Mun sani sarai a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka fi mu sanin wannan fanni nesa ba kusa ba, saboda haka duk inda muka yi tuntuɓen harshe sai a gyara mana. Maganar da muka zo da ita a kan ciwon tsakuwar ƙoda take, da irin tsirran da iyayenmu suke magance shi da su. Kafin mu shiga cikinta, za mu ba ku labarin mutum biyu daga garinmu Toranke, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, a ƙasar Gaya.

Labarin mutum biyu

Na farko kawunmu ne, manomi. Wata rana da bazara, yana tsakiyar sharar gona, sai ciwo ya turnuƙe shi a kwiɓin dama, yana saukowa zuwa mara. Mutumin da ba mu taɓa jin ya yi raki ba, ran nan sai ga shi yana birgima a ƙasa yana amai. Aka ɗauko shi a amalanke, aka kira wani dattijo mai magani. Dattijon nan ya haɗa masa jiƙon tsamiya da gemun masara da tsidau, ya sa 'yar jar kanwa, ya ce a riƙa ba shi ƙwarya guda da safe, guda da rana, guda da dare. A rana ta huɗu sai ga wata 'yar tsakuwa kamar ƙwayar dawa ta fito cikin fitsari. Kawu ya nannaɗe ta a tsumma yana nuna wa masu zuwa dubiya, sunan mai magani kuwa ya ƙara ɗaukaka.

Na biyu maƙwabcinmu ne. Da shekara ta zagayo irin wannan ciwo ya kama shi, aka kai shi wurin dattijon nan, aka ba shi irin wannan jiƙo. Bayan mako guda ciwo ya lafa, ko da yake ba wanda ya ga wata tsakuwa ta fito. Kowa ya ce ai maganin ya narkar da ita. Ya koma harkokinsa. Bayan wasu watanni zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, aka kai shi Gaya, daga can aka tura shi Kano. Da aka ɗauki hoton cikinsa sai aka ga tsakuwa kamar ƙwayar wake ta toshe hanyar fitsari, ƙodar ta kumbura kamar salka, ta daina aiki. Dole aka cire ta. Yana nan da ransa, amma da ƙoda guda yake rayuwa, kuma kuɗin aikin sai da ya ci bijimin noma.

To, mai magani ɗaya ne, jiƙo ɗaya ne, ciwon ma ɗaya ne. Me ya raba su? Amsar wannan tambaya ita ce ƙashin bayan laccarmu.

Mece ce tsakuwar ƙoda?

Ƙoda ita ce matacin jiki. A kowace rana ƙodojin baligi sukan tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su bar kamar lita ɗaya da rabi ya fita a matsayin fitsari, ɗauke da gishiri iri-iri da jiki ba ya bukata. Duk wanda ya taɓa barin ruwan kanwa a tasa har rana ta ƙafar da shi, ya ga yadda fari-fari yake daskarewa a gindin tasar. Haka abin yake a ƙoda. Idan ruwa ya yi kaɗan, gishiri ya yi yawa, sai ya soma daskarewa, ƙwaya ta hau kan ƙwaya, har ta zama tsakuwa. Kimanin takwas cikin goma na irin waɗannan tsakuwoyi daga sinadarin kalsiyam suke, mafi yawa a haɗe da wani sinadari mai suna okzalet. Wajen ɗaya cikin goma daga yurik asid suke, sa'an nan akwai waɗanda ƙwayoyin cuta suke haddasawa.

Muddin tsakuwa tana zaune cikin ƙoda, tana iya shekara ba ta dami kowa ba. Wahala takan soma ne ranar da ta gangaro cikin bututun da ya taso daga ƙoda zuwa mafitsara. Tsawon wannan bututu santimita 25 zuwa 30 ne, faɗinsa kuwa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. A nan ne girman tsakuwa yake zama alƙali. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, watau kamar ƙwayar gero ko ta dawa, galibi takan fita da kanta cikin 'yan kwanaki ko 'yan makonni. Wadda take tsakanin milimita 5 da 10 tana iya fita, tana iya maƙalewa. Wadda ta haura milimita 10, watau ta kai babbar ƙwayar wake ko ta gyaɗa, da wuya ta fita sai an taimaka mata. Muna roƙon 'yan'uwa su riƙe wannan ma'auni na gero da dawa da wake, domin za mu komo kansa.

Ciwon ba baƙo ba ne ga ɗan Adam. A 1901 an tsinci tsakuwar mafitsara a cikin ƙasusuwan wani yaro a wani kabari a Masar, wanda ya girmi dalolin Fir'auna. Likitocin Musulmi na da, irin su Arrazi da Ibn Sina, sun yi rubutu a kansa, Azzahrawi na Ƙurɗuba kuwa, wanda ya rasu wajen 1013, har kayan aiki ya ƙera na farfasa tsakuwar da ta maƙale. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya bar rubuce-rubuce kan magani, cikinsu har da na basir, da na amfanin filasko, da wata risala kan cututtukan ƙoda. Ashe ke nan rubuta ilmin magani gado ne a gare mu.

Me ya sa ya addabi ƙasarmu?

Masana sun daɗe da lura cewa ciwon tsakuwa ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa, tun daga Sudan da Masar da Saudiyya har zuwa Pakistan da arewacin Indiya. Mu ma a bakin Sahara muke. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Kano yakan kai awo 40, kuma a daidai lokacin ne manomi yake sharar gona da kai taki, makiyayi yake nisan kiwo, rijiya take ja da baya. Abin da mutum ya sha duk yakan fita ta gumi, fitsarinsa ya zama ɗan kaɗan, ja kamar shayi. Daga 2020 zuwa 2024 kuma azumin Ramalana a cikin waɗannan watanni ya faɗo, wanda duk bai kula da shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur ba, ya ƙara wa ƙodarsa kaya.

Abinci ma yana da nasa hannu. Yawan gishiri da ɗanɗanon miya na zamani yakan sa ƙoda ta zubar da kalsiyam mai yawa cikin fitsari. Alayyahu da gyaɗa da dankali da kuɓewa da baƙin shayi mai kauri suna ɗauke da okzalet. Wani abin mamaki shi ne, nono ba abokin gaba ba ne. A da likitoci sukan hana mai tsakuwa shan madara, amma bincike tun daga 1993 ya nuna cewa kalsiyam ɗin da ke cikin abinci yakan kama okzalet tun a hanji, ya hana shi isa ƙoda. Saboda haka fura da nono ba su da laifi.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware. A garuruwan da ke kusa da kogin Wudil da fadamu da kududdufai, fitsarin jini ya fi zama alamar tsargiya, musamman ga yara masu wanka a rafi. Tsargiya tsutsa ce take kawo ta, kuma tana da ƙwayar maganinta a asibiti. Wanda ya sha jiƙon tsakuwa alhali tsargiya ce take damunsa, ya yi shuka a idon makwarwa.

Tsirran da ake amfani da su

Yanzu sai mu dubi abin da ke cikin ƙwaryar mai magani. Mun kasa shi kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda abinci ne tun asali: lemon tsami, tsamiya, zoɓo da gemun masara. Lemon tsami yana ɗauke da sinadarin sitiret, wanda yakan riƙe kalsiyam cikin fitsari ya hana shi daskarewa. Wannan sinadari shi ne tushen ƙwayar da likitoci suke bayarwa don hana tsakuwa dawowa, wadda aka amince da ita a Amurka a 1985. Ƙarfin lemon bai kai na ƙwayar ba, amma yana taimakawa, kuma yana da araha. Game da zoɓo, wani bincike da aka buga a 2008 daga ƙasar Tailan ya nuna yana ƙara fitar da yurik asid cikin fitsari. Gemun masara kuwa an san shi a ƙasashe da dama da sa yawan fitsari. Waɗannan duka amfaninsu ya fi ƙarfi wajen rigakafi. Ba a taɓa tabbatar da cewa ɗayansu yana narkar da tsakuwar kalsiyam da ta riga ta ƙulla ba.

Kashi na biyu su ne masu alkawari waɗanda ba a gama auna su ba. Babban misali shi ne geron tsuntsaye, ɗan ƙaramin tsiron nan mai 'ya'ya jere a ƙarƙashin ganye, wanda masana suke sa shi cikin dangin Phyllanthus. A Birazil da Peru ɗan'uwansa ya yi suna har ana kiransa mai fasa dutse. An gwada shi a kan mutane a Birazil da Italiya, aka ga alamun yana rage kalsiyam a fitsarin wasu, yana kuma taimaka wa ɓarɓashin tsakuwa fita bayan an farfasa ta da na'ura. Sai dai gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma ba su nuna yana fasa dutse kamar yadda sunan ya yi iƙirari ba. Suna linzami ne, amma ba hujja ba ne.

Kashi na uku su ne waɗanda ke bukatar hattara. Tsidau, ƙayar nan da ke sukar ƙafar yara a bakin hanya, a Indiya ma ana sha don ciwon fitsari. Amma a 2010 likitoci a Iran sun ba da rahoton wani saurayi da ya sha ruwansa da yawa kwana biyu a jere, don gudun tsakuwa, sai ya faɗi da farfaɗiya, hantarsa da ƙodarsa suka taɓu. Kanwa kuwa tana rage tsamin fitsari, kuma gaskiya ne tsakuwar yurik asid ita ce irin da akan iya narkarwa ta wannan hanya. Amma kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin na gishiri, wanda ke ƙara kalsiyam a fitsari, ya kuma tayar da hawan jini. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Abin da zai taimaki mai tsakuwa ɗaya cikin goma yana iya cutar da sauran tara.

Mafi haɗari duka ita ce saiwar da ake kira dumar dutse ko maɗacin ƙasa, wadda ake sayarwa cikin saiwoyi masu ɗaci don ciwon ciki. Tana cikin dangin Aristolochia, kuma wannan dangi yana ɗauke da dafin da ke kashe ƙoda sannu a hankali. Duniya ta farga da haka ne a 1993, sa'ad da likitoci a Beljiyam suka gano cewa matan da suka sha wani haɗin ganye na rage ƙiba, wanda aka yi kuskuren sa wani tsiro na wannan dangi a ciki, ƙodojinsu sun lalace. Fiye da mata ɗari abin ya shafa. A wani rahoto na shekarar 2000, an bincika 39 daga cikin waɗanda ƙodarsu ta mutu, aka sami 18 da sankarar hanyar fitsari. Kada kalmar dutse da ke cikin sunan wannan saiwa ta ruɗi kowa ya kai ta bakinsa don tsakuwa. Ɗaci ba shi ne ƙarfin magani ba.

Kura da shan bugu

Mu koma kan kawunmu. Ƙwarya uku a rana ya riƙa sha, watau ruwan da ya ninka abin da ya saba sha a gona. Tsakuwarsa kuwa kamar ƙwayar dawa take, irin wadda galibi takan fita ko da an sha magani ko ba a sha ba. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan ruwa ne da ƙanƙantar tsakuwa suka yi mafi yawan aiki, saiwa ta karɓi yabo.

Akwai hujja a kan ƙarfin ruwa. A 1996 likitoci a birnin Farma na Italiya sun buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 199 waɗanda suka taɓa yin tsakuwa sau ɗaya. Rabinsu aka umurce su da shan ruwa har fitsarinsu ya wuce lita biyu a rana, rabi aka bar su yadda suka saba. Bayan shekara biyar, tsakuwa ta dawo wa 12 cikin ɗari na masu shan ruwa, ta dawo wa 27 cikin ɗari na sauran. Ba mu san wani ganye da aka auna aka sami irin wannan sakamako ba. Idan aka tuna cewa wajen rabin waɗanda suka taɓa yin tsakuwa takan dawo musu cikin shekara goma, sai a ga cewa randa da moɗa su ne kantin magani na farko.

Maƙwabcinmu kuwa tasa tsakuwar ta kai wake. Ko tulu goma ya shanye, ba za ta wuce ta bututu mai faɗin milimita huɗu ba. Abin da ya yaudare shi, ya yaudari mai magani, ya yaudare mu duka, shi ne lafawar ciwo. Idan tsakuwa ta toshe hanya, ƙoda takan kumbura, ita ce take kawo azabar. Bayan 'yan kwanaki sai ƙodar ta rage tace fitsari, matsin ya ragu, ciwo ya lafa, alhali tana mutuwa ne a ɓoye. Toshewar da ta ɗauki makonni tana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ɗayar ƙodar kuma takan ɗauke aikin, shi ya sa mutum ba ya jin komai. Jiƙon da ya sha bai kashe masa ƙoda ba. Jinkirin da jiƙon ya jawo shi ya kashe ta.

Saboda haka abin da ya raba mutanen nan biyu shi ne girman tsakuwa, kuma wannan abu ne da mai magani ba ya iya gani da ido, komai ƙwarewarsa. Hoton ciki kaɗai yake nuna shi.

Adalci ga masu maganin gargajiya

Kada a fahimce mu a kan muna raina dattawanmu. Wanda ciwo ya kama da tsakar dare a Toranke, mai magani ne yake kusa da shi. Yana jin harshensa, ya san gidansu, yana karɓar abin da ya samu, wani lokaci ma sai bayan kaka. Zuwa Kano kuwa sai kuɗin mota, da na kati, da na hoto, da na mai jinya. Ɗan boko da ya tsaya yana kiran mutane jahilai don sun je wurin mai magani, bai san ciwon talauci ba.

Bugu da ƙari, tarihi ya nuna cewa akan sami gaskiya a cikin ƙwaryar gargajiya idan an tona. Mutanen Masar sun daɗe suna dafa 'ya'yan wani tsiro da suke kira khilla don ciwon tsakuwa. Da masana suka bincika sai suka sami sinadarin da ke sassauta jijiyoyin bututun fitsari a cikinsa. Daga wannan sinadari aka ƙirƙiro amiodarone, maganin bugun zuciya, a Beljiyam a farkon shekarun 1960, aka kuma sami maganin asma a Ingila a 1965 ta hannun likita Roger Altounyan, wanda shi kansa mai asma ne, a jikinsa ya riƙa gwaji. A nan Nijeriya, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya daga Jihar Oyo, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace ɗan'uwan madobiya, ta auna shi, ta gwada shi, ya zama Niprisan, maganin rage tashin ciwon amosanin jini, aka kuma sa sunan mai haɗin cikin masu haƙƙin mallaka. Darajar da aka ba waɗannan magunguna ita ce gwajin da aka yi musu.

Dole ne kuma mu bambanta dattijon da ya gaji sana'arsa, wanda in ya ba ka magani gobe za ku haɗu a masallaci, da masu yawo kasuwa-kasuwa da lasifika a kan mota, suna sayar da jarka ɗaya wai tana maganin tsakuwa da basir da sanyi da hawan jini, mako mai zuwa kuwa ba ka san inda za ka same su ba. Ko lambar Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, idan an gan ta a jikin kwalbar maganin gargajiya, abin da take nufi shi ne an duba ba shi da illa ta kusa. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta. Haka nan mu guji ɗirka wa kanmu ƙwayoyin kashe zogi daga kemis kwana da kwanaki, domin irin su diclofenac suna iya raunata ƙodar da ruwa ya ƙaranta mata.

A ɗaya gefen, asibiti ma ya ci gaba. Tun 1980 aka fara farfasa tsakuwa da na'ura daga wajen jiki a birnin Munik na Jamus, ba tare da yanka ba, kuma ana iya zura siririn madubi ta hanyar fitsari a ciro ta. A Kano akwai Asibitin Abubakar Imam na cututtukan mafitsara, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda a 2002. Amma wanda ya ga halin da masu wankin ƙoda suke ciki, ya ji labarin yadda ciwon ƙoda ya addabi yankunan Gashuwa da Haɗeja, ya san cewa ƙoda ba abin yin caca da ita ba ce.

Aikin da ya rataya a wuyanmu

Na farko, mu kai wa mutanenmu wannan saƙo cikin harshen da suke ji: wanda ciwon kwiɓi irin wannan ya kama, ya yi ƙoƙari a ɗauki hoton cikinsa a san girman tsakuwar. Idan likita ya ce gero ce ko dawa, to ya sha ruwa da yawa, ya matsa lemon tsami, ya sha jiƙon tsamiya in yana so, ya riƙa tace fitsarinsa da tsumma mai tsabta har ya ga ta fito da idonsa. Gani ya kori ji. In ciwo ya lafa bai ga tsakuwa ba, ya koma a sake hoto. Idan kuwa wake ce, kada a ɓata lokaci.

Na biyu, akwai alamomin da ba a jira da su ko da kwana ɗaya: zazzaɓi da rawar ɗari tare da ciwon kwiɓi, ɗaukewar fitsari, aman da ya ƙi tsayawa, ko kuma ciwon ya kama mace mai juna biyu, ko mai ƙoda ɗaya, ko mai ciwon sukari. Toshewa idan ta haɗu da ƙwayoyin cuta tana iya kisa cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka fi cancanta a koya wa waɗannan alamomi su ne masu maganin kansu, da wanzamai da ungozomomi, domin su ake fara kira. Mai maganin da ya san ranar da zai ce wannan ya fi ƙarfina, a kai shi Gaya, ya ƙara wa kansa daraja.

Na uku, rigakafi ya fi magani. Manomi da ɗan acaɓa da mai aikin gini su riƙa tafiya da gorar ruwa. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan fitsari ya yi ja, ruwa ya yi kaɗan, idan ya yi haske, an kusa. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa daga magariba zuwa sahur. A rage gishiri a miya. Mu kuma tuna wa shugabanni cewa rijiyar burtsatse a ƙauye aikin kiwon lafiya ce.

Na huɗu, mu rubuta. Wani likita Bature mai suna Dalziel shi ya tattara sunayen tsirran Hausa ya buga a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Daga 1975 wasu masana biyu daga Amurka, Nina Etkin da Paul Ross, suka zauna a wani ƙauye kusa da Wudil, maƙwabtanmu, suna rubuta yadda Bahaushe yake mayar da abinci magani, magani abinci. In baƙi sun iya wannan, mu 'yan gari me ya hana mu? Da ɗan gari akan ci gari. Kowannenmu idan ya je hutu ya nemi dattijo ɗaya, ya durƙusa ya gaishe shi, ya nemi izininsa, ya rubuta sunan tsiro, da ɓangaren da ake ɗiba, da awonsa, da kwanakin sha. Ya matse ganyen a takarda ya kawo wa malaman ilmin tsirrai su tabbatar da shi, domin suna ɗaya yakan hau tsiro biyu daga gari zuwa gari. Sa'an nan, abin da ya fi muhimmanci, ya rubuta waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba. Labarin kawunmu kowa ya ji shi a kasuwa, na maƙwabcinmu kuwa ba wanda yake lissafa shi a kan jiƙo. Ilmin da ke ƙirga nasara kaɗai bai cika ilmi ba. In kuma Allah ya sa wani abu ya fito daga wannan aiki, sunan dattijon da haƙƙinsa su kasance a gaba.

Kammalawa

Shugaban taro, 'yan'uwa ɗalibai, dattijon da ya yi wa kawunmu magani ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa kuwa sun tafi birni neman kuɗi, babu wanda ya tsaya ya koya. Itatuwan da yake sassaƙa ma gatarin masu gawayi yana cin su. Idan muka yi sakaci, abin kirkin da ya sani zai bi shi kabari, a bar mu da masu lasifika. Idan kuma muka karɓi komai ido rufe, za a ci gaba da asarar ƙoda a kan abin da hoto ɗaya zai bayyana. Hanyar da muka ga ta dace ita ce mu girmama mai magani, mu auna maganinsa, mu san girman tsakuwa kafin mu ɗauki ƙwarya.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana ilmi mai amfani.